Zare: Daga tarin ciyawa a Faransa zuwa hasashen damina, tarihin kimiyya da kwamfuta

1/
Jama'a, tunda aka fara cike JAMB ƙanne suke ta tambayata a inbos: "Yaya, wai wannan kwas ɗin da kake yi a jami'a kwamfuta ce ko lissafi?" Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya. Bari in ja zare guda kowa ya karanta. Tarihi zan ba ku, kuma zai yi tsawo, to a gyara zama. 🧵

2/
A fara raba abu biyu. Kimiyyar kwamfuta ita na'urar take nazari: manhaja, rumbun bayanai, intanet da sauransu. Wanda nake yi Turawa suna ce masa kwamfuteshinal sayins, ni kuma ina ce masa kimiyya DA kwamfuta. Tambayar ta fizis ce ko kemistiri ko injiniyanci, sai a mayar da ita lissafi. Lissafin ya fi ƙarfin biro da takarda, sai a ɗora wa na'ura.

3/
Duwatsun murhunsa uku ne: sanin fannin da kake bincike a kai, lissafi, da rubuta kod. Ka cire ɗaya tukunya ta kife. Ni na shigo da tunanin kod shi ne komai, lissafi kuwa a samu a haye kawai. Wata sandar ƙarfe ce ta gyara mini zama.

4/
Muna aji uku, a kwas ɗin numerikal analisis, aka ba mu asamen. Sandar ƙarfe ce an zafafa tsakiyarta zuwa digiri 100, bakunanta biyu suna cikin ƙanƙara. A rubuta kod da zai nuna yadda zafin ke yaɗuwa. Ko ba ka je makaranta ba ka san amsar: zafi zai bazu, ya yi ta raguwa har sandar ta huce.

5/
Nawa kod ɗin fa? Farko lafiya lau. Can sai wani wuri ya nuna 300, maƙwabcinsa ya nuna 250 ƙasa da sifili. Kafin in ƙifta ido an shiga miliyoyi. Daga nan allo ya cika da NaN, wato kwamfutar tana cewa abin da ka ba ni ya daina zama lamba. Sandar da ke cikin ƙanƙara ta fi rana zafi, wallahi.

6/
Sai na ɗora wa laftof ɗina laifi, don 'yar gwanjo ce. Na kira yayana: "Yaya, wannan abar ba za ta iya karatun nan ba, sai an canza." Ya yi shiru, ya ce, "To ƙane, bari mu ga ƙarshen wata." Na san ba shi da su, amma na bar shi da nauyin. Da dare na ari sabuwar laftof ɗin abokin ɗakina. Shirmen nan dai ta fitar, sai dai ta fi saurin fitar da shi.

7/
Saura kwana biyu a karɓi aikin, ga kariyoba tana leƙo ni, na je ofishin lakcaranmu. Ko kod ɗin bai duba ba. Ya ce, "Tazarar da ke tsakanin gidajenka nawa ce? Takun lokacinka fa?" Na faɗa masa. Ya yi ɗan lissafi a bayan wata takarda, ya ce, "Ya wuce rabi. Rage takun." Na rage. Sandar ta huce tsaf.

8/
Na ce, "Malam, shi ke nan?" Ya ce, "Shi ke nan. A wannan hanyar da ka bi, in ka raba tazara biyu, dole ka raba takun lokaci huɗu, in ba haka ba ƙaramin kuskure zai yi ta haihuwa har ya cinye amsar. Je ka nemi labarin Richardson ka karanta." Abin da na karanto shi zan ba ku yanzu.

9/
A 1904 wani masanin fizis ɗan ƙasar Nowe, Vilhelm Bjerknes, ya ce yanayi lissafi ne. In ka san halin da iska take ciki yanzu (zafinta, nauyinta, danshinta, inda ta dosa), kuma ka san dokokin fizis da take bi, to a ƙa'ida za ka iya lissafo gobe. Matsalar ita ce babu wanda ya iya warware waɗannan ikweshin ɗin kai tsaye.

10/
Sai ga Lewis Fry Richardson, Bature ɗan Ingila, haifaffen 1881. Dabararsa: tunda ba a iya warwarewa gaba ɗaya, a yanka taswira gida-gida kamar gidajen dara, kowane gida kusan kilomita 200, a yanka sararin sama hawa biyar. A kowane gida a lissafa canjin da zai faru cikin ɗan lokaci, a taka gaba, a sake. Tarawa da ɗebewa da ninkawa kawai, amma masu ɗimbin yawa. Abin da na yi wa sandata ke nan.

11/
A ina ya yi aikin? A bakin daga. Shi ɗan ɗariƙar Kiristoci ta Kweka ne, aƙidarsu ta hana ɗaukar makami, don haka a Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zama direban motar ɗaukar marasa lafiya a Faransa, daga 1916. In an samu sararin hutu sai ya zauna kan tarin ciyawa cikin sanyi yana lissafi da hannu. A 1917 takardun suka ɓace a hargitsin yaƙi, bayan watanni aka tsince su ƙarƙashin tarin gawayi.

12/
Ya ɗauki bayanan safiyar 20 ga Mayu, 1910, yana son ya ga ko lissafi zai faɗi abin da ya faru bayan awa shida a tsakiyar Turai. Aikin ya ci masa kusan mako shida. Amsar da ta fito: nauyin iska zai ƙaru da miliba 145. A zahiri ranar kusan bai motsa ba. Ku sani a bakin teku nauyin iska kusan miliba 1013 ne, kuma 'yan ƙalilan yake motsawa a yini. Amsar ta yi hannun riga da gaskiya.

13/
Abin da ya burge ni: bai ɓoye ba. A 1922 ya buga littafinsa, Weather Prediction by Numerical Process, da hanyar da kuma amsar da ta kunyata shi, duk a ciki. Wa zai iya wannan a cikinmu? Mu da in furojet bai fito daidai ba sai a ɗan taɓa lambobin kafin a kai wa sufabaiza.

14/
A littafin ya yi wani mafarki: ƙaton zaure mai siffar duniya, an zana taswira a bangonsa, mutum 64,000 suna zaune kowa yana lissafin gidansa yana miƙa wa maƙwabci, shugaba a tsakiya yana haska wa masu sauri da masu nawa fitila don tafiya ta daidaita. A lokacin kalmar kwamfuta mutum take nufi, ma'aikacin da sana'arsa lissafi. Manyan kwamfutocin yau haka suke raba aiki a tsakanin dubban ƙwaƙwalensu.

15/
A 1928 masana lissafi uku a Gottingen ta Jamus, Courant da Friedrichs da Lewy, suka nuna cewa takun lokaci yana da iyaka: bai kamata abu ya tsallake fiye da gida ɗaya a taku ɗaya ba, in ya tsallake lissafin zai watse. Ɗan'uwan wannan sharaɗin ne ya kama ni. Ku lura, an gano dokar shekara 17 kafin a kammala injin da zai buƙace ta.

16/
Injin shi ne ENIAC, wanda aka kammala a 1945 a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. Nauyinsa kusan tan 30, da ƙwayayen gilashi masu kama da kwan fitila sama da 17,000, yana tarawa sau 5,000 a daƙiƙa. Sojoji ne suka biya kuɗinsa don lissafin inda harsashin igwa zai faɗa. Abin da mutum ke yi a awa 20, shi yana yi a daƙiƙa 30.

17/
'Yan'uwa mata, wannan taku ce. Waɗanda suka fara tsara wa ENIAC aiki mata shida ne: Kay McNulty, Betty Jennings, Betty Snyder, Marlyn Wescoff, Fran Bilas da Ruth Lichterman. Babu yaren kod a lokacin, wayoyi suke jonawa suna murɗa makunnai. Daga cikin masu lissafi da hannu aka zaɓo su. Duk wanda ya ce miki fannin nan na maza ne, bai san asalinsa ba.

18/
Ba zan yi muku kwaskwarima ba: fannin nan a cikin yaƙi ya girma. Babban aikin farko da aka ɗora wa ENIAC a ƙarshen 1945 na masu binciken bam ɗin haidurojin ne daga Los Alamos. Shi kuwa Richardson a 1920 ya ajiye aikinsa a hukumar yanayi ta Ingila saboda an mayar da ita ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da sojan sama. Tambayar wa kake yi wa lissafi tana nan har yau.

19/
John von Neumann, masanin lissafi ɗan asalin Hangari, ya ga cewa yanayi shi ne gwajin da ya dace da sabon injin. Ya haɗa tawaga a Princeton, Jule Charney ya jagorance ta. Charney ya gane cewa cikakkun ikweshin ɗin suna ɗauke da wasu igiyoyin iska masu gudun tsiya, waɗanda ba su da wani tasiri a kan yanayin gobe amma suna hargitsa lissafi. Sai ya tace su, ya rage komai zuwa ikweshin ɗaya.

20/
A watan Maris na 1950 suka hau ENIAC a Aberdeen ta jihar Maryland, dare da rana har kwana 33, da katuna masu huji kusan 100,000. Klara von Neumann tana cikin waɗanda suka taimaka da tsara kod ɗin. Suka fitar da hasashe huɗu. Hasashen awa 24 yana cin kusan awa 24 na aiki, wato kafin ka gama gobe ta riga ta iso. Amma amsar ta yi kama da gaskiya.

21/
Charney ya aika wa Richardson sakamakon, tsohon ya amsa da yabo, ya ce babban ci gaba ne a kan nasa. Ya rasu a 1953. A 1954 Suwidin ta fara hasashen yau da kullum da kwamfuta, Amurka ta biyo a 1955. Tambayar da na yi wa kaina: inji ne ya gyara abin, ko tunanin Charney? Da an zuba wa ENIAC abin da Richardson ya zuba wa takardarsa, shirme zai fitar, irin na laftof ɗin abokina.

22/
An ma gwada. Peter Lynch, masanin yanayi ɗan Ailan, ya sake lissafin Richardson da kwamfuta, ya samu 145 ɗin nan. Ashe mutumin bai yi kuskuren tarawa ba. Bayanan farko ne ba su daidaita da juna ba, ma'aunin iska da na nauyinta suna jayayya. Da Lynch ya tace bayanan, canjin ya sauko ƙasa da miliba ɗaya. A 2008 kuma shi da Owen Lynch suka ɗora hasashen ENIAC a wayar Nokia 6300, ta gama a ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

23/
To karatun fa, yaushe ya shiga aji? A 1953 Jami'ar Kambirij ta buɗe difloma wadda ake lissafawa cikin kwasa-kwasan kwamfuta na farko a duniya, kuma numerikal analisis ne farkon sunanta. Sashen kimiyyar kwamfuta na farko a Amurka, na Purdue a 1962, masanin wannan fannin ne ya fara shugabantarsa, Samuel Conte. Haka na Stanford a 1965, George Forsythe. Kwas ɗin da muke gudu shi ne uban gidan.

24/
A 1957 John Backus da tawagarsa a IBM suka fitar da Fortran, yaren da ya ba masanin kimiyya damar rubuta lissafi kusan yadda yake a allo. Muna yi masa dariya a aji wai yaren kakanni. Amma yawancin manyan manhajojin hasashen yanayi na duniya har yanzu da shi aka rubuta su, kuma wasu ɗakunan kod da Python ke jingina da su wajen lissafi asalinsu Fortran ne.

25/
1961, a MIT. Edward Lorenz yana gwada ƙaramin samfurin yanayi. Ya so ya maimaita wani gwaji daga tsakiya, sai ya kwafi lambar daga takardar da injin ya buga: 0.506. A cikin injin kuwa 0.506127 ce. Ya tafi shan kofi, ya dawo ya tarar yanayin da ya fito ya rabu da na farko kwata-kwata. Da farko shi ma inji ya zarga. Na ji sanyi da na karanta wannan.

26/
Abin da ya gano ya fito a 1963: akwai tsarin da ɗan bambanci a farko yake girma har ya canza komai, kuma iska tana cikinsu. Shi ya sa hasashen rana-rana ba ya wuce kusan mako biyu komai ƙarfin inji. Daga 1992 manyan cibiyoyi suka koma gudanar da hasashe da yawa a tare, kowane da ɗan canji a farkonsa. In ka ga wayarka ta ce yiwuwar ruwa kashi 60, daga irin wannan tunanin abin ya samo asali.

27/
Ƙaramin kuskure yana kisa. Buɗe Python ka rubuta 0.1 + 0.2, za ka ga 0.30000000000000004, domin 0.1 ba ta zama cif a lissafin sifili da ɗaya. Ranar 25 ga Fabrairu, 1991, a Dahran ta Saudiyya, agogon na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ya kauce da kusan kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa bayan awa 100 a kunne, saboda irin wannan datsewar. Makami ya wuce, sojoji 28 suka mutu.

28/
Yanzu bari labarin ya iso gida. Ku tambayi iyayenku farin 1973 da na 1984, yadda dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu daga Nijar har arewacin Najeriya. A 1975 Charney ɗin nan dai ya kawo bayani: in kiwo da saran itace suka tsiraita ƙasa, takan ƙara mayar da hasken rana sama, hakan ya rage ruwa, rashin ruwa ya ƙara tsiraita ta. Mutane da yawa suka fahimci abin a matsayin laifin makiyayi da manomi ne.

29/
Ta yaya za a gwada wannan? Ba ka da Sahel ta biyu da za ka hana kiwo a cikinta ka ga bambanci. A kwamfuta kuwa kana da ita. A 1986 Folland da Palmer da Parker a Ingila suka nuna alaƙar ruwan Sahel da zafin saman tekunan duniya. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba samfurin yanayi tarihin zafin teku daga 1930 zuwa 2000, ba tare da canza komai a doron ƙasa ba.

30/
Samfurin ya fitar da damina mai albarka ta shekarun 1950, ya kuma fitar da bushewar shekarun 1970 da 1980. Ma'ana teku ce babbar mai juya akalar, halin da ƙasa take ciki yana ƙara wa abin ƙarfi ne. Ba a ce saran itace ba shi da illa ba. Amma hukuncin da aka yanke wa kakanninmu, lissafi ne ya sassauta shi. Ranar da na karanta wannan na daina ganin kwas ɗina a matsayin neman maki.

31/
Yau hasashen damina da NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, da aikin cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974, duk suna jingine da irin waɗannan samfuran. Manomin da ke tunanin ko ya yi shuka da ruwan farko ko ya jira, irinsa da takinsa ne a kan layi. Yawancin samfuran a Turai da Amurka aka gina su, kuma damina irin tamu tana cikin abin da ke ba su wahala. Wa ya kamata ya zauna ya gyara?

32/
Kuma ba yanayi kaɗai ba ne. Nobel ta kemistiri ta 1998 ta je ga Walter Kohn da John Pople saboda hanyoyin lissafa halayen sinadarai da kwamfuta. Ta 2013 ma aikin kwamfuta ne. A 2021 Syukuro Manabe da Klaus Hasselmann suna cikin waɗanda suka karɓi ta fizis saboda samfuran yanayi. A 2022 kwamfutar Frontier a Amurka ta haye lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa. Sharaɗin 1928 yana kanta ita ma.

33/
To ƙanne, ga abin da zan ce. A yawancin jami'o'inmu ba lallai ka ga kwas mai wannan sunan ba, ta sashen lissafi ko fizis ko kimiyyar kwamfuta ko injiniyanci ake shiga. Duba jerin darussan sashen kafin ka cike. In ka ga kalkulas, liniya aljebra, difarenshiyal ikweshin, ƙididdiga da numerikal analisis, hanyar ke nan. In burinka gina manhajar waya ne kawai, akwai hanya mafi kusa, kuma ba aibu ba ne.

34/
In ka shigo: kada ka haddace lissafin aji ɗaya da aji biyu don jarrabawa ka zubar, a aji uku zai dawo neman ka. Duk kod ɗin da ka rubuta, fara gwada shi da tambayar da ka riga ka san amsarta. Ka rage taku ka sake gudanarwa, in amsar ta canza sosai to ba ka iso ba tukuna. In sakamako ya fito a karkace, ka rubuta shi yadda ya fito, ka nemi dalili.

35/
A daren da sandata ta huce na kira yayana na ce, "Yaya, bar maganar laftof ɗin nan, ba ita ba ce, ni ne." Ya yi dariya ya ce, "Alhamdu lillahi, dama kuɗin taki nake ta lissafi." Da ita nake furojet ɗina na aji huɗu yanzu, batirinta ba ya kai awa ɗaya in an ɗauke wuta, amma ta ninka ENIAC sau miliyoyi.

36/
Nan zan tsaya. Mai tambaya kan darussan ko yadda ake farawa da Python ya ajiye a ƙasa, zan bi su in na fito daga lakca. Wanda kuma ya ga inda na kauce a tarihin ya gyara mini, ɗalibi ne ni. A tura wa ƙanne masu cike fom. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.